Wane Tsuntsu Ne Zai Shiga Jerin Gidanka? Jagora Ga Mai Kallon Tsuntsaye

Masu kallon tsuntsaye mutane ne masu son rubuta abin da idonsu ya gani. Wani yana da jerin duk nau'in da ya taɓa gani tun da ya fara, wani na ƙasarsa, wani kuma na shekara, wanda yake buɗe sabo duk ranar 1 ga Janairu. Amma wanda ya fi shiga ran mutane da yawa shi ne jerin gida, wato sunayen tsuntsayen da ka gani ko ka ji daga inda kake kwana kake tashi. Ba ya cin kuɗin mota, ba ya jiran hutu, kuma kowane sabon suna a cikinsa yana da daɗi na daban, domin ba kai ka je nema ba, tsuntsun ne ya biyo ta wajenka.

Gardama takan taso ne ranar da shirwa ta ratsa sama can ƙololuwa ba ta ko kalli gidanka ba, ko mujiya ta yi kuka cikin dare daga bishiyar maƙwabci. Ta shiga jerin ko ba ta shiga ba? Babu hukumar da ke yanke wannan hukunci a kan gidan mutum. Kai ne mai jerin, kai ne alƙalinsa. Saboda haka shawarata tun daga farko ita ce ka kafa dokokinka kafin tsuntsun da zai jarraba ka ya iso, ka rubuta su, ka kuma tsaya a kansu. Dokar da aka yi bayan tsuntsu ya bayyana, son zuciya ne ke rubuta ta.

Mataki na farko: ƙafarka za a duba ko tsuntsun?

Duk sauran tambayoyi daga wannan suke fitowa, don haka a nan ya kamata ka fi daɗewa kana tunani. Ra'ayi biyu ne manya.

Na farko ya ce abin dubawa shi ne inda kai kake tsaye. Muddin ƙafafunka suna cikin gidanka, duk tsuntsun da idonka ya kai gare shi ko kunnenka ya ji, naka ne, ko da kuwa yana kan turken lantarki a ƙarshen layi, ko yana shawagi nesa a kan wani tafki. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi yaɗuwa, kuma da shi ake aiki a eBird, rumbun bayanan tsuntsaye na intanet wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon suka buɗe a Amurka a 2002. A can, jerin gida yana nufin abin da aka gani ko aka ji daga gida.

Na biyu ya ce a'a, tsuntsun ne za a duba. Sai ya sauka a gidanka, ya taka ƙasarka, ya hau reshen bishiyarka ko katangarka, ya sha ruwanka, sannan ya zama na gida. Wannan ra'ayi ba taurin kai ba ne, yana da dalili mai ƙarfi. A Birtaniya ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB tana shirya ƙidayar Big Garden Birdwatch tun 1979: mutum ya zauna awa ɗaya a ƙarshen watan Janairu, ya ƙirga tsuntsayen da suka sauka a lambunsa kaɗai, ban da masu wucewa ta sama. Abin da suke son sani shi ne waɗanne tsuntsaye ne ke amfani da lambunan mutane, kuma zalɓen da ya wuce ta sama zuwa kogi bai faɗa musu komai game da lambun ba.

Akwai kuma masu tsayawa tsakiya. Su suna ɗaukar iyakar gida kamar katanga ce da ta miƙe har sama: abin da ya ratsa ta saman filinka ya shiga, abin da ya bi ta gefe bai shiga ba. A baki tsarin yana da kyau, amma a aikace yana da wuya. Shamuwa tana tafe mita ɗaruruwa a sama, wa zai rantse cewa ta bi ta kan rufinsa ne ba ta kan na maƙwabci ba? Ni ba na ba kowa shawarar wannan hanya, domin tana sa mutum ya riƙa yanke hukunci kan abin da ido ba ya iya aunawa.

Abin da na fi so shi ne mutum ya ɗauki dokar ƙafa ta zama ginshiƙi, sannan ya riƙa sa alama a gefen kowane suna: ya sauka, ya wuce ta sama, an hango shi daga nesa, an ji shi kawai. Da haka ba ka rasa komai ba. In wani ya tambaye ka nau'i nawa ka gani daga gida, kana da amsa. In ya ce nawa ne suka taka gidan, ita ma tana nan. Kuma jerin waɗanda suka sauka shi ne zai nuna maka ko bishiyar da ka dasa da ruwan da kake ajiyewa suna yin aiki.

Tsattsewa tana rikita wannan rabo, kuma ya kamata ka san da ita. Tsuntsuwa ce da take cin abincinta a iska, ba za ka gan ta a ƙasa tana tsince-tsince ba. Idan ta shafe yamma tana kewaya saman bishiyarka tana cafke ƙwari, ai amfani take yi da gidan, ko da ba ta taɓa komai ba. Haka shahon da ya kawo farmaki kan kurciyoyin da ke cin abinci a tsakar gidanka, ya kuskure, ya wuce. Ni ina sa irin waɗannan cikin masu amfani da gida, ba cikin 'yan wucewa ba.

Mataki na biyu: shata iyaka

Idan gidanka yana da katanga, an gama magana, katangar ce iyaka. Rufi yana ciki, soro yana ciki, kuma babu laifi ka hau sama da madubin hangen nesa don ka faɗaɗa abin da kake gani. Mai zaune a bene, tagarsa da barandarsa su ne gidansa. In akwai harabar da duk mazauna ginin ke amfani da ita, ya yanke shawara sau ɗaya ko tana ciki, ya rubuta. Mai babban fili ko gona da ke haɗe da gida shi ma ya zaɓa, amma ya sani cewa jerin hekta goma da jerin baranda ba abin gwadawa da juna ba ne.

Tambayar da ta fi yawan tasowa ita ce ta bakin ƙofa. Ka dawo daga wani wuri, saura taku ashirin ka isa gida, sai ka ga tsuntsun da ba ya cikin jerinka a kan waya. Bai shiga ba tukuna. Ka ƙarasa gida, ka juyo, in har yanzu kana iya ganinsa daga ciki, to ya shiga. In ya tashi kafin ka isa, ka haƙura.

Juyin wannan kuma fa? Ka hango tsuntsu daga cikin gida, amma nisa ya hana ka gane shi, sai ka fita ka matsa kusa ka tabbatar. A nan akwai doka mai kyau da za ka iya ara daga wata gasa da ake yi a Amurka mai suna Big Sit, inda mutane ke zama cikin da'ira mai faɗin ƙafa 17 su yini suna ƙirga abin da suka gani ko suka ji daga cikinta. A tsarinsu, in ka fara ganin tsuntsu daga cikin da'ira, kana iya fita ka tantance shi, kuma ya shiga lissafi. Amma sabon tsuntsun da ka ci karo da shi a waje lokacin wannan fitar bai shiga ba sai an gan shi daga ciki. Wannan doka ta dace da gida sarai.

Mataki na uku: abin da kunne ya ji

An ce gani ya kori ji, amma a harkar tsuntsaye ji yakan fi gani tabbas. Akwai nau'o'in da suka yi kama da juna ƙwarai har gwani ma sai ya ji muryarsu yake raba su. Akwai kuma na dare, irin su mujiya da yautai, waɗanda za ka shekara kana jin su ba ka sa su a ido ba. Ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta Amurka, ABA, ta amince a dokokinta cewa tsuntsun da aka gane ta murya ya shiga lissafi daidai da wanda aka gani, kuma eBird ma haka take karɓa. Saboda haka ka sa shi, ka rubuta "an ji" a gefe.

Sharaɗin shi ne ka san muryar da gaske. Wasu tsuntsaye gwanayen kwaikwayo ne, suna ɗauko kukan wani su saka cikin waƙarsu. Idan ka ji muryar tsuntsun da bai kamata a ce yana yankinku a wannan lokacin ba, sau ɗaya tak, daga cikin bishiyar da wani mai kwaikwayo ya saba zama, ka dakata. Ka kuma tuna cewa murya tana iya fitowa daga kejin maƙwabci ko daga wayar wani.

Yanzu ga manhajar waya. Merlin, wadda ita ma ta Cornell ce, ta fara gane tsuntsu ta murya a 2021, kuma ta buɗe wa mutane da yawa kunne. Kana tsaye a tsakar gida da asuba, wayar tana hannunka, sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wanda ke kuka a wannan lokacin sunansa yana haskakawa. Abin sha'awa ne. Amma abin da take bayarwa shawara ce, ba hukunci ba, kuma masu ita da kansu haka suke faɗa. Takan yi kuskure idan akwai hayaniya ko muryar ta yi nisa, kuma ba kowane yanki na duniya ta sani daidai ba. Dokata a nan gajeriya ce: in wayar ta ji ni ban ji ba, bai shiga ba. In ta kawo suna, sai in saurara da kunnena, in maimaita abin da ta naɗa, in gwada da muryoyin da aka tabbatar, in kuma nemi tsuntsun da ido in da hali.

Haka batun yake ga na'urar da ake bari a kunne cikin dare. Tsuntsaye ƙanana da yawa da dare suke yin hijira, suna tafe suna sakin ɗan gajeren kira, kuma wasu mutane suna kafa makirufo a rufi su naɗi daren gaba ɗaya, da safe su bincika a kwamfuta. Ta wannan hanya akan gano nau'o'in da ba a taɓa zaton suna bi ta saman gari ba. Aiki ne mai daraja. Sai dai tsuntsun da ya wuce kana barci, na'urarka ce ta gamu da shi, ba kai ba. Wasu masu wannan aiki suna raba jerinsu kashi biyu: wanda suka ji kai tsaye suna farke, da wanda na'ura ta kama. Kyamarar da ke kallon wurin abincin tsuntsaye tana ɗaukar hoto kana wurin aiki, hukuncinta ɗaya ne da wannan.

Mataki na huɗu: mai rai, na daji, wanda ba a tsare ba

Waɗannan sharuɗɗa uku daga dokokin ABA suke, kuma ko da ba ka da alaƙa da ƙungiyar, suna warware rikici da yawa.

Mai rai. Gawar tsuntsu a gindin taga ba ta shiga jerin, haka gashin da ka tsinta ko sheƙar da aka bari. Amma kada ka jefar da labarin: ka ɗauki hoto, ka rubuta kwanan wata a shafi na daban, domin shaida ce cewa nau'in yana bi ta wurin. Kuma in abin ya maimaitu a taga ɗaya, gyara tagar ya fi muhimmanci a kan kowane lissafi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai tsuntsaye miliyan 365 zuwa miliyan 988 ne ke mutuwa kowace shekara ta hanyar karo da gine-gine, musamman gilashi. Alamomin da aka manna kusa da juna a bayan gilashin, ko raga, suna rage wannan sosai.

Wanda ba a tsare ba. Kanarin da ke keji, kajinka, agwagwarka, ɗawisun ado, babu ɗayansu a ciki. Tsuntsun daji da wani ya kama ya kawo maka a hannu ma ba ya shiga.

Na daji, a nan ne aikin yake. Aku ya sauka a bishiyarka, a ƙasar da aku ba ya rayuwa a daji. Daga ina? Ka duba ko akwai zobe irin na masu kiwo a ƙafarsa, ko gashin jelarsa ya cinye saboda gogar keji, ko launinsa irin wanda masu kiwo ke fitarwa ne, ko kuma ba ya tsoron mutum ko kaɗan. Irin wannan gudajje ne, ba ya shiga babban jeri. Amma gudajjen jiya yakan zama ɗan gari. Tsiryar nan mai zobe a wuya, wadda asalinta Afirka da kudancin Asiya ne, yau tana hayayyafa da kanta a Landan, dubbai, kuma an karɓe ta a jerin tsuntsayen Birtaniya. Tun 2022 eBird ta raba baƙin tsuntsaye gida uku: waɗanda suka kafu suna hayayyafa da kansu, waɗanda ake jiran a ga ko za su kafu, da gudaddu. Na ukun ana rubuta su amma ba sa shiga jimilla. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi hukuncin da aka yanke wa nau'in a yankinku, kada ka ƙirƙiro naka.

Tantabara ta isa misali. Waɗanda ke zaune a gadoji da dogayen gine-gine, ba mai su, suna shiga. Garken da ke kewaya unguwa da yamma ya koma ɗakin da mai shi ya gina masa, dabbobin gida ne.

Mataki na biyar: ka tabbata kafin ka rubuta

"Ina jin shi ne" ba ya shiga jeri. Idan wani shaho ya gilma cikin daƙiƙa biyu, ka san shaho ne amma ba ka san wanne ba, ka rubuta "wani shaho" ka bar shi a haka, ba tare da ka ƙara shi a jimilla ba. A eBird ma akwai gurbin irin wannan, da gurbin "ko wannan ko wancan", da na tsuntsun da iyayensa nau'i biyu ne, kuma duk ba a ƙirga su a matsayin nau'i.

Ga duk tsuntsun da ba a saba gani ba, ka rubuta abin da ka gani nan take, kafin ka buɗe littafi: girmansa idan aka gwada da kurciya ko hankaka, siffar baki, launin ƙafa, ko akwai fari a jela, yadda yake tashi, abin da yake yi. Dalilin yin haka kafin duba littafi shi ne, da zarar ka ga hoton, ƙwaƙwalwa takan cike giɓin da kanta, sai ka riƙa tuna alamar da ba ka gani ba. Hoto ko da ya yi dishi-dishi, da muryar da aka naɗa ko da ta daƙiƙa biyar ce, suna da amfani ƙwarai.

Mataki na shida: jawo tsuntsu

Abinci, ruwa, da shuke-shuken da tsuntsaye ke so duk halas ne a wannan fage. Tsuntsun da ya zo dominsu na daji ne, da fikafikansa ya zo. Abin da nake ƙyama shi ne kunna muryar tsuntsu a lasifika don a janyo shi ya tsallako katanga. Namijin da ke tsaron yankinsa yana jin muryar ne a matsayin abokin gaba, ya bar sheƙa da ciyar da 'ya'ya ya zo faɗa da wanda babu shi. A gida abin ya fi muni, domin tsuntsu ɗaya ne za ka riƙa damu kullum. Ka'idojin ɗa'a na ABA sun ce a taƙaita amfani da wannan dabara. Ni a gida ba na ganin dalilinta sam.

Sannan madubin hangen nesa a unguwa yana bukatar kunya. Kada ka saita shi wajen tagar mutane ko cikin gidansu, komai kyawun tsuntsun da ke wurin.

Mataki na bakwai: jerin na waye?

Naka ne ko na gidan? Idan matarka ko ɗanka ya ga tsuntsu kana tafiya, a jerin gidan ya shiga, a naka bai shiga ba. Iyalai da yawa suna riƙe duka biyun, kuma hanya ce mai kyau ta jawo yara cikin abin. In ka tashi daga gidan, jerin ya rufe a ranar, sabon gida sabon shafi. Tsuntsayen da ka tuna ka gani kafin ka fara rubutu kuwa, ka sa waɗanda ba ka da shakka a kansu kaɗai, ka rubuta cewa daga tuni ne.

Mataki na takwas: rubutawa da gyarawa

A shafin farko na littafinka ka rubuta dokokin da ka zaɓa da ranar da ka kafa su, layi biyar ko shida sun isa. Bayan haka kowane sabon nau'i ya samu layinsa: suna, kwanan wata, lokaci, inda yake, da alamar ya sauka, ya wuce, ko an ji. Idan kana amfani da eBird, ka buɗe wuri guda na gidanka ka riƙa zuba komai a ciki, kada ka haɗa da abin da ka gani a hanya. In ba ka son a san ƙofar gidanka, ka ba wurin sunan da ba adireshi ba.

Idan kana son rubutunka ya amfani masu bincike, sabon suna kaɗai bai isa ba. Ka riƙa tsayawa minti goma sha biyar ko fiye, ka rubuta duk abin da ka gane, har da gama-garin da ka gaji da gani, da adadinsu. Wajen adadi, ka ɗauki mafi yawan da ka gani a lokaci guda. Kurciya biyu yanzu, uku an jima, ba biyar ba ne, uku ne, domin wataƙila su ne dai suka dawo.

Jimillarka tana iya motsawa kana zaune, saboda masana suna sake duba rabon nau'o'i, kuma eBird tana sabunta jerinta duk shekara. A 2023 ta raba balbela gida biyu, ta yamma da ta gabas. Wanda ke da ita a jerinsa sunan kawai zai gyara. A 2024 kuma aka haɗe wasu ƙananan tsuntsaye masu jan goshi na ƙasashen sanyi, waɗanda ake kira redpoll, nau'i uku suka koma ɗaya, don haka mai biyu a jerin gidansa ya wayi gari da ɗaya. Ka zaɓi jerin sunaye guda na duniya ka bi shi, ka riƙa gyarawa sau ɗaya a shekara.

In wata rana ka ga dokarka ta farko ba ta yi maka ba, kana da ikon sauya ta. Sai dai ka sauya ta a ranar da babu wani tsuntsu da ke jiran hukunci, ka rubuta ranar sauyin, sannan ka koma kan jerin tun daga layin farko ka auna kowane suna da sabuwar dokar, wanda ya cancanta ya shiga, wanda bai cancanta ba ya koma shafin gefe.